Sayen Tsohon Gida A Ƙauyukan Suleja: Fenti Ba Ya Raba Gado

A da can, in ma'aikaci ya tara 'yan kuɗinsa yana so ya huta da wahalar haya, fili yakan fara nema. Ya saya, ya kafa duwatsun iyaka, sa'an nan ya riƙa ɗora bulo kaɗan-kaɗan, bana layi biyar, baɗi layi bakwai, har Allah Ya nufe shi da kaiwa ga rufi. Amma tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023, aka kuma bar Naira ta nemar wa kanta daraja a kasuwa cikin watan da ya biyo baya, wannan lissafi ya rikice wa mutane da yawa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, ga rodi da katako da kwano kowanne ya bi sawunsa. Saboda haka sai hankalin masu neman muhalli ya ƙara karkata ga gidan da aka riga aka gina, ko da tsoho ne, muddin dai an gyara shi.

Wannan ciniki ya samu gindin zama a garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye da Suleja ta Jihar Neja, irin su Madalla da Kwamba da Maje da Gauraka, har zuwa Dikko da Sabon Wuse, ko da yake wasunsu yanzu sunan ƙauye kawai ya rage musu. Yadda abin yake tafiya shi ne, wani daga cikin 'ya'yan gida, ko kuwa wani mai jari da ya saya a hannunsa da araha, zai ɗauki tsohon gidan iyali na ginin ƙasa, ya yi masa shafen siminti ciki da waje, ya ɗora sabon kwano, ya shimfiɗa tayil, ya sa ƙofar ƙarfe, ya buga fenti mai ɗaukar ido, sa'an nan ya miƙa wa dillalai. Mai saye kuwa galibi baƙo ne: ma'aikacin da ke fita aiki Abuja da asuba, ko wanda ya kusa ajiye aiki yana neman inda zai zauna da iyalinsa, ko ɗan kasuwar da hayar cikin birni ta ishe shi. Sau da yawa kuɗin da zai zuba a gidan su ne dukkan abin da ya tara a rayuwarsa, wani ma kuɗin sallamarsa ne daga aiki.

Ba laifi ba ne sayen irin wannan gida, har ma muna ganin ya fi alheri a kan a rushe shi. Sai dai gidan gado ba kamar sauran kayan kasuwa yake ba, domin gyaran da ake yi masa yana iya rufe aibin bango, amma ba ya raba gado, ba ya kuma sallamar waɗanda ke da haƙƙi a cikinsa.

GARIN DA YA BA DA SUNANSA

Kafin mai karatu ya gane dalilin da ya sa tsofaffin gidajen wannan yanki suka yi daraja haka, ya kamata ya tuna da tarihin wurin. Garin da ake kira Suleja yanzu shi ne Abuja ta asali. Lokacin jihadi, a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau na Haɓe Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa, ya gangaro kudu zuwa ƙasar Zuba. Bayan ya rasu a wajen yaƙi kusa da Lapai cikin 1825, ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, shi ne kuma ya kafa sabon gari a bakin kogin Iku cikin 1828, aka sa wa garin sunansa. Masarautar ta zauna da 'yancinta har zuwan Turawa cikin 1902, kuma har gobe sarkinta Sarkin Zazzau ake ce masa. Mutanen Zazzau sun tarar da Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, da Koro da sauran ƙabilu a ƙasar, suka zauna tare shekara da shekaru. Wannan cakuɗa tana da muhimmanci ga mai sayen gida, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Cikin watan Fabrairu na 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zartar da dokar kafa sabon Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Mafi yawan ƙasar da aka yanka daga Jihar Neja ta fito, kuma babban kaso daga cikinta na masarautar Abuja ne. Sabon birni ya ɗauki sunan, tsohon gari ya koma Suleja, daga sunan sarkin wannan zamani, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. A Suleja ma'aikatan farko na hukumar gina birnin suka sauka kafin a yi musu masauki a cikin dajin da suka zo sarewa. Da Gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, sai ƙananan ma'aikata da leburori da 'yan tireda waɗanda ba su iya hayar birni suka kwararo nan. Rushe-rushen gine-ginen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake minista, sun ƙara turo wasu dubbai. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Suleja kaɗai ta haura mutum 200,000.

To, gidan da kaka ya gina a gefen gona da taimakon gayya, wanda a zamaninsa ba wanda ya taɓa tunanin yi masa kuɗi, yau ya wayi gari a bakin hanyar da ke kai mutum babban birnin ƙasa. Daga nan rigima take farawa.

ABIN DA SIMINTI YA RUFE

Bari mu fara da bango, tun da shi ne ido ke gani. Maginan dā sun san aikinsu. Sukan cuɗa jar ƙasa da ciyawa, su bar ta ta kwana ta ruɓa, su murza tubali su shanya a rana, sa'an nan su ɗora bango mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Kaurin nan shi ke sa ɗakin ƙasa ya yi sanyi da tsakar rana, ya kuma riƙe ɗumi da daren hunturu, abin da ɗakin bulo mai rufin kwano ba ya yi sai da fanka. Sukan kare bangon da yaɓe wanda aka haɗa da makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, a wasu wurare kuma da katsi daga marina. Inda aka yi soro, azara ake jerawa, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika yi mata illa ba. Amma ƙasar Suleja ta fi Kano da Katsina ruwan sama nesa ba kusa ba, shi ya sa rufin ƙasa bai yawaita a ƙauyukanta kamar can Arewa ba. Jinka aka fi yi, daga baya kwano ya maye gurbinta, kuma ko wanne aka ɗora sai an bar masa baki ya zarce bango sosai don kada ruwa ya riƙa dukan jikin ginin.

Duk wannan fasaha a kan abu guda ta dogara: bangon ƙasa yana shan danshi, yana kuma fitar da shi. Da damina ya jiƙa kaɗan, da rani ya bushe. Siminti kuwa ba ya barin danshi ya fita yadda ya kamata, ba ya kuma motsawa tare da ƙasa in ta kumbura ko ta tsuke. In aka lulluɓe bangon ƙasa da siminti ciki da waje, aka kuma daɓe tsakar gida da kankare har zuwa gindin bango, ruwan da ke tasowa daga ƙasa ba shi da mafita sai cikin bangon. Da siminti ya yi 'yar tsaga, ruwan sama ya shige ta baya, shi ke nan ya samu wurin zama. Daga waje gida fes, daga ciki kuwa ƙasa tana narkewa, gara tana hanyarta ba mai ganinta. Sai wata rana cikin watan Agusta a ji shafe ya ɓallo faifai guda, a tarar rabin kaurin bango ya zama taɓo. Masu aikin adana tsofaffin gine-ginen ƙasa, daga Agadas zuwa Jenne ta ƙasar Mali, sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan, shi ya sa har yanzu mutanen Jenne suke fita kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu da laka.

Akwai kuma wani sabon yayi da ya fi wannan haɗari, wato a ɗaga bango ya rufe kwano don gida ya yi kama da na birni, a ɓoye magudanar ruwa a bayansa. A ginin bulo ma wannan yakan yi yoyo in ganye ya toshe hanyar ruwa, balle a ginin ƙasa. Haka nan wasu sukan fasa bango su faɗaɗa taga, ko su cire bangon tsakiya don a sami babban falo, ba tare da sun tambayi abin da bangon nan yake ɗauke da shi ba. Azara ita kaɗai ba ta haye tazarar da ta wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa magina suke yin bakan gizo ko ginshiƙi in suna son ɗaki mai faɗi. Wanda ya cire ginshiƙi ya rufe wurin da silin, ya bar wa mai saye tarko a bisa kansa.

Saboda haka kada mai saye ya je duba gida da dillali kaɗai. Ya nemi tsohon magini wanda ya san ginin ƙasa, ya biya shi ladansa. Su ƙwanƙwasa bango tun daga gindi, inda ya yi ƙara kamar ganga to shafe ya rabu da ƙasa. Su ɗaga silin su leƙa katako da wayar lantarki. Su tambayi inda tsohuwar rijiya da tsohuwar shadda suke, domin akan cike su da shara a shimfiɗa tayil a kai, bayan damina biyu ƙasa ta lotsa. In da hali kuma, a je ganin gida da tsakiyar damina, ana gama ruwa, a ga inda ruwan unguwa yake bi. Mutanen Suleja ba su manta da ambaliyar watan Yuli na 2017 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje, musamman na waɗanda ke kusa da rafuka. Gidan da aka nuna maka cikin watan Janairu bai gaya maka komai game da wannan ba.

A shari'ar Musulunci wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma wanda ya tarar da babban aibin da aka ɓoye masa yana da hanyar neman a warware ciniki ko a rage masa kuɗi. Amma fa kafin alƙali ya yanke hukunci, kuɗin sun riga sun shiga hannu goma.

GIDAN WA AKE SAYARWA?

Aibin bango kuɗi ke gyara shi. Wanda ya fi wuyar magani shi ne aibin mallaka, kuma a nan ne mutane da yawa suka yi asarar gida da kuɗi gaba ɗaya.

Mu ɗauki misali mai sauƙi. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, ba iyayensa a raye. Bayan an biya bashi, an fitar da wasiyya in akwai, matar tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas. Ragowar kashi bakwai na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu: kowace mace kashi ɗaya, kowane namiji kashi biyu. Ke nan babban ɗa, wanda ke zaune a gidan, wanda mabuɗi ke hannunsa, wanda duk unguwa ke kira maigida, rubu'in gidan kawai yake da shi. Mata huɗun nan in aka haɗa rabonsu, rabin gidan nasu ne cif. To, ina ga gidan da aka gina tun zamanin Sarki Musa Angulu, wanda ya yi sarauta daga 1917 zuwa 1944, ba a kuwa taɓa raba shi ba? Kowane magaji da ya rasu, rabonsa ya gangara ga nasa magadan, har da mazan 'ya'ya mata da matan 'ya'ya maza. Gida mai ɗaki shida yana iya zama mallakar mutum arba'in, wani yana Kaduna, wata tana aure a Bida, wani ya tafi Legas tun yana saurayi ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Al'adarmu ta kunya da kawaici ita ke ɓoye wannan. Mace takan yi shiru ta bar wa 'yan'uwanta maza gidan uba, don ta san nan za ta dawo in aure ya ƙi, nan kuma za a yi bikin 'ya'yanta. Shirun nan ba kyauta ba ne. Muddin gida yana hannun dangi ba ta da abin cewa, amma ranar da ta ji an sayar wa baƙo, ranar za ta tuna da rabonta, in ma ita ba ta tuna ba 'ya'yanta za su tuna mata. Kuma gaskiya tana wajenta.

Mai sayarwa yakan ce, "Ai shekara ashirin ina zaune a nan ba wanda ya ce mini kanzil, ni na yi rufi, ni na haƙa rijiya." Wannan magana ba ta wadatar ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke bi, hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum har ta toshe bakin mai da'awa, shekara 10 ne tsakanin bare da bare, in mai da'awar yana nan, yana gani, ba abin da ya hana shi magana. Tsakanin 'yan'uwa kuwa akan kai shi shekara 40, saboda an san zumunci yana sa a yi haƙuri da juna. Kuɗin da ya kashe wajen gyara yana iya neman a lissafa masa, amma fenti bai mayar da rubu'i ya zama duka ba.

Sa'an nan ga shufu'a. In ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga wani na waje, sauran abokan tarayya suna da ikon su biya mai saye kuɗin da ya bayar su karɓe, ko yana so ko ba ya so. Wanda yake gari, ya kuma san da cinikin, haƙƙinsa yakan faɗi in ya yi shiru har kimanin shekara guda. Amma wanda ba ya nan, nasa yana jiransa har ya dawo. A wannan zamani da darajar Naira ke zaizayewa, a mayar wa mutum kuɗinsa bayan shekara uku ba ƙaramar asara ba ce. Rabon maraya kuwa ba wa ko kawu da zai sayar da shi don ganin dama, sai da dalili na maslahar yaron, ta hannun wasiyyi ko alƙali. Wani lokaci kuma sai a tarar zauren gidan ko wani ɗaki na gefe marigayi ya riga ya yi wakafi da shi don makarantar allo ko salla, ko ya ba wata 'yarsa kyauta tun yana da rai, ko kuwa gidan yana jingine a hannun wani.

In gidan na iyalin da ke bin al'adar gargajiya ne wajen gado, kamar yadda ake samu a wasu gidajen Gwarawa da Koro, hanya dabam ce amma ƙarshenta ɗaya. Kotunan Nijeriya sun daɗe da kafa ƙa'ida, tun shari'ar Ekpendu da Erika ta 1959, cewa in wani ɗan gida ya sayar da ƙasar iyali ba da yardar shugaban iyali ba, cinikin ɓatacce ne tun daga tushe, in kuwa shugaban ne ya sayar a madadin iyali ba tare da manyan gida ba, suna iya zuwa kotu a rushe. Akwai kuma tsohuwar al'adar aro: mai ƙasa ya ba baƙo wuri ya yi gini ya zauna, shi da 'ya'yansa, ba da niyyar ya sayar ba. Jikan baƙon yana iya rantsuwa cewa gidan kakansa ne, bai kuwa yi ƙarya ba, amma jikan mai ƙasa ma yana da tasa maganar.

Maganin duk wannan ba a ofis yake farawa ba. Mai saye ya tafi da ƙafarsa wajen mai unguwa da dagaci, ya gaishe su, ya ce, "Ranka ya daɗe, gidan wane ake so a sayar mini, na zo in ji ko akwai magana a kansa." Ya tambayi limami da maƙwabta na dama da na hagu. Ya sa matarsa ko yayarsa ta shiga wajen tsofaffin matan gidan, ta tambaya a fili, "Gwaggo, da saninki za a sayar da gidan nan? An ba ki naki?" Abin da tsohuwa za ta faɗa cikin minti biyar ya fi takarda goma. In an raba gado a kotu, a ga takardar rabon, a je kotun a tabbatar. In ba a raba ba, to a raba tukuna, ko kuwa kowane magaji ya sa hannu da kansa a gaban shaidu, wanda ke nesa ya aiko da wakilci tabbatacce. Dillalin da ya ce wannan ɓata lokaci ne, wai akwai wani mai saye da ke jira da kuɗi a hannu, la'adarsa yake kallo.

TAKARDA DA HUKUMA

Bayan dangi sai hukuma. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa cikin watan Maris na 1978, zamanin Janar Olusegun Obasanjo, ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake da shi izinin zama ne da amfani. A wurin da Gwamna ya ayyana a matsayin birni, sai da yardarsa ake sayarwa ko jinginarwa. A karkara kuwa, inda izinin na gargajiya ne, yardar Ƙaramar Hukuma ake nema. Kotun Ƙoli ta nuna cikin 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, cewa wannan sharaɗi ya hau har kan wanda ya mallaki wurinsa tun kafin dokar. Takardar da aka rubuta a zauren dagaci shaida ce mai amfani ƙwarai, amma ba ita ce yardar hukuma ba. Kuma da yake ƙauyukan Suleja sun haɗe da gari, kada mutum ya ɗauka wuri karkara ne don ya ga rumbu da turken awaki. Ya sa lauya ya bincika a ma'aikatar ƙasa ta jiha, ya kuma kawo safiyo ya auna.

Awon nan yana da wani amfani na musamman a wannan yanki. Madalla tana Jihar Neja, Zuba da ke manne da ita tana cikin Babban Birnin Tarayya, inda ƙasa duka ta Gwamnatin Tarayya ce, minista ne kuma ke ba da ita. Tazarar da yaro zai taka cikin 'yan mintoci tana iya canja dokar da ke kan gida. Haka kuma a kula da gidan da ya matso babbar hanya ko yake ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. In Gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta tsadar da mutum ya sayi wurin ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga takarda. A wasu tsofaffin gidaje akwai kabari a bayan ɗaki. Akwai rijiyar da rabin unguwa ke ɗiba tun kafin a haifi mai sayarwa, da 'yar hanyar da mata ke ratsawa zuwa gidan biki, da bishiyar mangwaro ko ɗorawa wadda wani ya dasa, 'ya'yansa kuma suna ganin tasu ce. Baƙon da ya tare yau, gobe ya ja katanga ya toshe duk waɗannan, doka tana iya ba shi gaskiya, amma da wuya ya ji daɗin zama. Gara a zauna a yi maganarsu tun kafin a biya kuɗi, abin da za a bari a bari, wanda za a rufe a sanar.

ABIN DA YA KAMATA A BARI

A Ingila tsufan gida daraja yake ƙara masa, kuma tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu suke da rajistar tsofaffin gine-gine waɗanda ba a taɓa su sai da izini. Mu a nan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1979, ƙarfinta bai wuce 'yan wurare sanannu irin su Gidan Makama na Kano ba. Gidan talaka na ƙauye ba mai tsaronsa sai mai shi. Abin mamaki kuwa, a wannan gari ne Baturen nan Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, bayan ya ga tukwanen Ladi Kwali a fadar Sarki Sulaimanu Barau. Ita kuma ta shiga makarantar cikin 1954, ta kai yumɓun wannan ƙasa har Turai da Amurka, ga hotonta nan a bayan takardar Naira 20. Ƙasar da muke alfahari da ita in an gina tukunya, ita muke jin kunya in an gina bango.

Wanda Allah Ya ba irin wannan gida, ya kuma tsallake maganar magada lafiya, muna ba shi shawara kada ya yi gaggawar rushe zaure don ya sami wurin ajiye mota ko shago. Zaure shi ne ke ba baƙo wurin zama ba tare da ya ga cikin gida ba, nan ake ɗaurin aure, nan ake karɓar gaisuwa, kuma a ƙauye maigidan da ba shi da inda maƙwabta za su zauna da shi yakan daɗe yana baƙo. Gyaran da ya dace da ginin ƙasa ba mai tsada ba ne: rufi mai baki da ya zarce bango, magudana da za ta kai ruwa nesa da gindi, dakali na dutse ko bulo a ƙasa inda ruwa ke fantsama, sa'an nan a bar saman bango da yaɓen ƙasa ko farar ƙasa yadda zai sha iska. Banɗaki da famfo a yi su da bulo a gefe, kada a manna su da tsohon bango.

Wahalar da zai fuskanta ita ce ta samun ma'aikaci. Samarin yanzu bulo suka koya, waɗanda suka iya cuɗa ƙasa da haɗa makuba kuwa yawancinsu sun manyanta, ita ma ɗorawar ana ta sare ta don itace da gawayi. In ya dace da tsohon magini a ƙauyen, ya riƙe shi da kyau, ya sa ya zagaya gidan sau ɗaya kowace shekara bayan kaka, ya toshe tsaga, ya sabunta yaɓe kafin ruwan farko na watan Afrilu ya sauka.